Yadda Kirista Zai Yafe Laifin da Ya Ci Masa Rai

Duk lokacin da muka yi Addu'ar Ubangiji, da bakinmu muke gindaya wa kanmu sharaɗi: muna roƙon Allah ya gafarta mana kamar yadda mu ma muke gafarta wa waɗanda suka yi mana laifi. Baki ya saba da kalmomin har ba ma jin nauyinsu. Amma buɗe Matiyu 6 ka duba. A cikin roƙe-roƙen addu'ar gaba ɗaya, wannan ne kaɗai Yesu ya koma ya yi wa ƙarin bayani bayan ya gama, a aya ta 14 da ta 15: in kun yafe wa mutane, Ubanku zai yafe muku; in kun ƙi, shi ma ba zai yafe muku ba. Shi ya sa nake ganin yafiya ita ce ma'aunin da ya fi tona girman Kirista a cikin ruhu. Mutum na iya yin azumi, ya haddace ayoyi, ya jagoranci waƙa, duk ba tare da ya taɓa girman kansa ba. Ranar da aka ce ya saki wanda ya cuce shi, ranar ake sanin ko alherin da yake waƙa a kai ya ratsa zuciyarsa.

Abin da ke tafe hanya ce ta aikatawa, ga wanda ya yarda ya kamata ya yafe amma ya rasa ta inda zai kama.

Fara da sanin abin da ake nema a wurinka

Mutane da yawa sun kasa yafewa domin sun ɗauka an ce su yi abin da ba a ce su yi ba. Kalmar da Sabon Alkawari ya fi amfani da ita a harshen Helenanci tana nufin saki, irin sakin da mai bin bashi ke yi wa wanda yake bi. Da misalin bashi ma Yesu ya amsa wa Bitrus a Matiyu 18, lokacin da ya tambaye shi sau nawa zai yafe wa ɗan'uwansa. Wani bawa sarki yana binsa talanti 10,000, ya roƙa, aka yafe masa duka. Fitowarsa ke nan ya ci karo da abokin bautarsa da yake bi dinari 100, ya shaƙe shi, ya sa aka kulle shi. Dinari ɗaya ladan yini guda ne na ɗan ƙwadago a wancan zamani, talanti ɗaya kuwa kimanin dinari 6,000 ne. Ka ga ke nan an yafe masa dinari miliyan 60, ya hana 100.

Lura da abu guda: Yesu bai ce dinari ɗarin nan ba komai ba ne. Ladan aikin fiye da wata uku ne, kuma da gaske ana binsa. Laifin da aka yi maka ma haka yake, na gaske ne, yana da nauyi. Yafiya ita ce ka ce: wannan mutum ina binsa, na kuwa daina bi. Na ajiye haƙƙina na ramawa, na daina jiran ranar da zan ga ya wulaƙanta.

Iyakar abin ke nan. Ba a ce ka ce abin da ya yi daidai ne ba. Ba a ce ka manta ba, don mantuwa ba a hannunka take ba. Ba a kuma ce lallai ka mayar da shi matsayin da yake a dā ba. Za mu zo kan wannan.

Mataki na farko: kira laifin da sunansa

“Ba komai, ya wuce.” Wannan magana ta binne raunuka da yawa da ransu. Wanda ya faɗe ta da wuri, tun bai duba abin da aka yi masa ba, ya rufe gyambo ne da tsumma, kuma wata rana zai yi wari. Ba za ka iya yafe bashin da ba ka lissafa ba.

Nemi lokaci kai kaɗai, ɗauki takarda, ka rubuta abu uku: me aka yi, wa ya yi, me ka rasa dalilin haka. Na ukun ne ya fi muhimmanci, shi ne kuma aka fi tsallakewa. Wataƙila dukiya ce. Sau da yawa kuwa abin da ya tafi ya fi dukiya: mutuncinka a idon jama'a, shekarun da ka ba wani aure, amincewar da kake yi wa mutane a dā, barcinka. Rubuta shi ƙarara. “Ya ɓata mini rai” bai isa ba. “Ya faɗa wa mutane sirrin da na gaya masa ina kuka, yanzu ba na iya buɗe cikina ga kowa” shi ne lissafi.

Daga nan ka kai takardar gaban Allah yadda take, kada ka yi mata kwalliya. Zabura cike take da irin wannan addu'a. A Zabura 55 mai zabura yana cewa da maƙiyi ne ya zage shi da ya jure, amma abokinsa ne, wanda suke tafiya Haikali tare. Zabura 109 kuwa in ka karanta sai gabanka ya faɗi saboda zafin kalmominta. Allah ya bar waɗannan a cikin Littafinsa, don haka ba zai firgita da naka fushin ba. Gara ka zuba shi a gabansa da ka zuba shi a kunnen maƙwabta.

Mataki na biyu: duba naka littafin bashi

Laifi tudu ne, ka taka naka ka hangi na wani. A nan akwai tambaya biyu, kada ka gauraya su.

Ta farko: ina da hannu a wannan rigima? Wani lokaci akwai, ko da kashi ɗaya ne cikin goma, kuma wannan ɗayan naka ne ka tuba a kansa. Wani lokaci kuwa babu ko kaɗan. Yaron da babba ya ci zarafinsa, ko macen da aka yi wa fyaɗe, ba su da wani kaso a laifin, kuma duk mai ba da shawarar da ya tura su neman nasu laifin ya ƙara musu rauni ne.

Ta biyun ta shafi kowa: nawa aka yafe mini? Wannan ita ce rijiyar da ake ɗebo ƙarfin yafiya daga cikinta. Bulus bai ce wa Afisawa su yafe don mai laifi ya cancanta ba. Ya ce su yafe wa juna kamar yadda Allah ya yafe musu cikin Almasihu (Afisawa 4:32). Haka ya maimaita wa Kolosiyawa (3:13). Kada ka tsaya ga “ni mai zunubi ne” na bisa leɓe. Tuna takamaiman abu, wanda kai da Allah kaɗai kuka sani, wanda da za a karanta shi a gaban ikilisiya da ka nemi ƙasa ta tsage ka shige. An yafe maka shi a kan gicciye. Zauna da wannan tunani kwana biyu ko uku kafin ka wuce gaba.

Mataki na uku: yanke shawara, ka furta ta

Ga inda mafi yawanmu muke maƙalewa. Muna jiran zuciya ta yi sanyi tukuna sannan mu yafe, zuciyar kuwa tana jiran mu yafe kafin ta yi sanyi. Everett Worthington, masanin halayyar ɗan Adam a Amurka wanda ya daɗe yana bincike a kan yafiya, kuma wanda aka kashe mahaifiyarsa a cikin gidanta, ya raba abin gida biyu: akwai yafiyar da mutum ke ƙudurtawa, akwai kuma wadda yake ji a ransa. Ta farko ana iya yinta yau. Ta biyu tana biyo baya a hankali, wani lokaci bayan shekaru.

Labarin Corrie ten Boom ya nuna haka. 'Yar ƙasar Holan ce da aka kama da iyalinta don sun ɓoye Yahudawa a lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, aka kai ta sansanin Ravensbrück, inda 'yar'uwarta Betsie ta rasu a 1944. A 1947 ta gama magana a kan gafarar Allah a wata majami'a a birnin Munich, sai ga ɗaya daga cikin masu gadin sansanin ya nufo ta, ya ce ya zama Kirista, ya miƙo hannu yana neman ta yafe masa. Ta ba da labari da kanta cewa hannunta ya ƙi ɗaguwa. Ta yi addu'a a zuci, ta ɗaga hannun don biyayya kawai, ba tare da tana jin komai ba, sai bayan hannuwansu sun haɗu ne zuciyarta ta narke.

To, kai ma ka ɗaga hannun. Durƙusa da takardar nan, ka ambaci sunan mutumin da babbar murya, ka ambaci laifin, ka ce: “Ya Uba, wane ya yi mini kaza, ya raba ni da kaza. Saboda Yesu na sake shi. Ba zan rama ba, ba zan nemi a rama mini ba. Shari'arsa tana hannunka.” Rubuta kwanan wata a wani wuri da za ka iya dubawa, sannan ka yaga takardar.

Kada ka jira sai ya zo ya ba ka haƙuri. Markus 11:25 ya ce in ka tsaya yin addu'a kana riƙe da wani a zuci, ka yafe masa. Ba a ambaci zuwansa ba. Yesu ya roƙa wa masu gicciye shi gafara suna tsakiyar rabon tufafinsa. Istifanas ya yi haka duwatsu na sauka a kansa (Ayyukan Manzanni 7:60). In ka ɗaura yafiyarka a kan tubansa, ka ba shi mabuɗin ɗakin da kake kulle a ciki, shi kuwa wataƙila ya manta ma da kai.

Wata 'yar magana a gefe game da “na bar shi da Allah”. Kalmomin daidai suke, Romawa 12:19 ma cewa ta yi ramuwa ta Ubangiji ce. Amma akwai mai faɗarsu yana nufin ya sauke kaya, akwai mai faɗarsu yana leƙen hanya ya ga ta inda masifa za ta faɗa wa mutumin. Na biyun bai yafe ba, ya ɗauki Allah haya ne ya rama masa. Gwajin mai sauƙi ne: in ka ji labarin mutumin ya tuba, Allah ya yi masa jinƙai, har ya sami ci gaba, za ka ji daɗi, ko za ka yi fushi irin na Yunusa lokacin da aka yafe wa Nineba?

Mataki na huɗu: rufe ƙofofin da ɗaci ke dawowa ta cikinsu

Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Bulus ya haɗa kwana da fushi da ba Iblis ƙofa (Afisawa 4:26-27), marubucin Ibraniyawa kuma ya yi kashedi kan tushen ɗaci da ke tsirowa ya ƙazantar da mutane da yawa (12:15). Bayan ka yanke shawara, ƙofa uku za ka tsare.

Bakinka: daina ba da labarin. Mutum ɗaya ko biyu masu hikima, fasto ko mai ba da shawara, sun isa. Sauran maimaitawar, har da wadda ake sakayawa cikin “ku taya ni addu'a”, ramuwa ce a ɓoye. Tunaninka: idan abin ya taso maka da dare ka fara shirya maganganun da ya kamata ka faɗa masa, tsaya ka ce wa kanka, “Na yafe wannan ranar kaza.” Amfanin kwanan watan ke nan. Idonka: daina bibiyar shafinsa a intanet kana neman abin da zai tabbatar maka mugu ne.

Sannan ka sa abu a gurbin da ka share. Yesu ya ce mu yi wa masu tsananta mana addu'a (Matiyu 5:44). Yi ta kowace rana har wata guda, da sunansa. Kwanakin farko za ta fito da ƙyar kamar ana zare ƙaya, wataƙila “Ubangiji, ka ji tausayinsa” kaɗai za ka iya. Ya isa. A hankali ka ƙara: lafiyarsa, iyalinsa, tubansa. Na gwada wannan a kan wani da ya yi mini ƙazafi, kuma sai da na kusa cika mako uku kafin na iya ambaton sunansa haƙorana ba a cije ba.

A nan ne amsar da aka ba Bitrus take aiki. Ya tambaya ko sau bakwai ya isa, Yesu ya ce bakwai har sau saba'in. Waɗansu fassarori sun ce 77, waɗansu 490, amma ko wanne ne ba lissafi ake nufi ba. A Farawa 4:24 Lamek ya yi taƙama cewa za a rama masa sau 77. Yesu ya ɗauki wannan adadi ya juya shi. Kuma sau da yawa ba laifi 490 dabam-dabam kake yafewa ba, laifi ɗaya ne kake sake yafewa duk lokacin da ya taso. Tasowarsa ba ta nufin yafiyar farko ƙarya ce.

Mataki na biyar: yafiya dabam, sulhu dabam, amana dabam

Wannan ɓangaren ne aka fi cutar da mutane a kansa a cikin ikilisiya, don haka zan ɗan daɗe.

Yafiya aikin mutum ɗaya ne. Sulhu sai da mutum biyu, kuma yana bukatar tuba. Wannan sulhu Luka 17:3 ke nufi da ya ce in ɗan'uwanka ya yi laifi ka tsawata masa, in ya tuba ka yafe masa. Romawa 12:18 ta ce in mai yiwuwa ne, iyakar abin da ke hannunka, ka zauna lafiya da kowa. Ashe akwai inda ba ya yiwuwa. Amana kuwa gini ce, tubali bisa tubali, kuma wanda ya rushe ta shi ne zai ɗauki lokaci yana sake ɗorawa.

Dubi Yusufu. Yana da shekara 17 'yan'uwansa suka sayar da shi a kan azurfa 20. Yana da 30 ya tsaya gaban Fir'auna. Aka yi shekara 7 na ƙoshi, yunwa ta yi shekara 2, kafin ya bayyana musu kansa: kimanin shekara 22 ke nan. Ba a ga alamar yana neman ramuwa ba, yana ta juya baya yana kuka, yana mayar musu da kuɗinsu cikin buhuna. Duk da haka bai faɗa jikinsu ran farko ba. Sai da ya gwada su da ƙanensa Biliyaminu, ya ga Yahuza, wanda ya kawo shawarar sayar da shi a dā, yanzu yana roƙo a riƙe shi bawa a madadin ƙaramin. Da ya ga mutanen sun sāke, sannan ya ce, “Ni ne Yusufu.” Dawuda ma sau biyu ya sami Saul a hannunsa ya ƙyale shi, Saul har ya yi kuka ya amsa laifinsa, amma Dawuda bai koma fada ba. Bulus ya bar sakamakon Iskandari maƙeri, wanda ya cuce shi ƙwarai, ga Ubangiji, a aya ta gaba kuma ya gargaɗi Timoti ya yi hankali da shi (2 Timoti 4:14-15).

Saboda haka macen da mijinta ke dukanta tana iya yafe masa daga wurin da ta tsira da ranta da na 'ya'yanta. Babu ayar da ta ce ta koma a ƙarasa ta. Ma'ajin da ya ci kuɗin ikilisiya ana iya yafe masa a karɓe shi cikin zumunci ba tare da an sake ba shi mabuɗi ba. Kai ƙarar mai cin zarafin yara ga hukuma kuwa wajibi ne, don akwai waɗansu yaran a gabansa, kuma Romawa 13:4 ta kira mai mulki bawan Allah don hukunta mai mugunta. Fafaroma John Paul na Biyu, wanda Mehmet Ali Ağca ya harba ranar 13 ga Mayu 1981, ya yafe masa a fili, ya kuma ziyarce shi a kurkuku a Disamba 1983. Mutumin ya ci gaba da zaman kurkuku a Italiya har 2000.

Idan dai sulhu mai yiwuwa ne kuma babu haɗari, bi tsarin Matiyu 18:15-17. Je wurinsa kai kaɗai tukuna, ido da ido, kada ka aika saƙon waya. Faɗi abin da ya yi da yadda ya taɓa ka, ka bar zancen halinsa da na danginsa. Ka saurara, don mai yiwuwa akwai abin da ba ka sani ba. In bai ji ba, koma da mutum ɗaya ko biyu. Sai bayan haka ne maganar za ta kai ga ikilisiya. Mu kuwa mun saba farawa daga ƙarshe: kowa ya ji, sai shi mai laifin.

Kada kuma ka je wurin wanda bai san yana da laifi ba ka ce masa “na yafe maka”. Sau da yawa wannan mari ne da aka naɗe cikin kalmar ibada.

In kai ne mai laifin

Matiyu 5:23-24 ya ce in ka kawo baikonka gaban bagade ka tuna ɗan'uwanka yana da wata magana a kanka, bar baikon nan, je ku shirya tukuna. Faɗi laifin da sunansa. Cire “in na ɓata maka rai” da “amma kai ma”. Mayar da abin da za a iya mayarwa, kamar Zakka da ya yi alkawarin ninki huɗu; in suna ka ɓata, gyara shi a gaban waɗanda ka ɓata shi. Sannan ka roƙa, ka ba shi lokaci. Ba ka da ikon karanta masa ayar yafiya don ka matsa masa.

Masu cewa sun kasa yafe wa kansu kuwa, abin da suke bukata shi ne su karɓi gafarar da aka riga aka bayar. 1 Yahaya 1:9 ta ce in mun furta zunubanmu, shi mai aminci ne, mai adalci kuma, zai gafarta mana. Bitrus ya yi musun Ubangijinsa sau uku, aka tambaye shi sau uku ko yana ƙaunarsa, aka mayar masa da aikin kiwon tumaki.

Idan mutumin ya mutu, ko ba ka san inda yake ba

Matakai huɗu na farko ba sa bukatarsa, don haka bi su yadda suke. Waɗansu yana taimaka musu su rubuta masa wasiƙar da ba za a aika ba, su karanta ta a gaban wani amintaccen mai bi, su yi addu'a tare. In kuma raunin ya kai ga ba ka barci, ko abin yana dawo maka kamar yanzu yake faruwa, ko tunanin hallaka kanka yana zuwa maka, haɗa addu'ar da ganin likita ko ƙwararren mai ba da shawara, kuma kada ka jinkirta. Kafin Jibin Ubangiji na gaba, zaɓi suna ɗaya kawai, wanda ya fi sauƙi a cikin waɗanda kake riƙe da su, ka fara da shi. Mai nauyin ka bar shi sai hannunka ya saba.